Mai Layi da Hanyar Ƙudan Zuma

A wata unguwa an yi wani mutum da ake kira Mai Layi, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, ba wanda ya roƙe shi. In ka yi kuskuren zama kusa da shi, kafin ka gyara zama ya gaya maka cewa duk farin layi da rawayan layin da ke tsakiyar titi, daga nan har inda kwalta ta ƙare, aikin hannunsa ne. Har hannun zai miƙo maka ka duba. Gaskiyar magana kuwa, wadda matarsa ta sani, Tela maƙwabcinsu ma ya sani, inji ne ke zana layin, wani ne kuma ke tuƙa injin. Shi Mai Layi nasa shi ne ya jera jajayen robobin nan masu tsini, ya tsaya da tuta yana tare motoci. Aiki ne mai kyau, ba wanda ya raina shi sai mai shi.

Kurinsa na biyu ƙarfin zuciya ne. Tun da likita ya ce suga ya fara leƙo shi, ya hana shi zaƙi, Mai Layi ya bi unguwa yana shelar cewa ko ƙamshin alewa ba ya tsayawa ya shaƙa. Matarsa, wadda kowa ke kira Maman Auta, ta ɗauki maganar likita da gaske, ta kwashe sukari ta kulle. Sai dai a tsallaken babban titi akwai wani shagon kek, kuma keken Mai Layi ya san hanyar wurin ko ba a riƙe kansa ba.

Da bazara ta shigo, itatuwan bakin hanya suka yi sabon toho, furanni suka buɗe a shingen makarantar ƙananan yara da ke ƙarshen layinsu, ruwan farko ya sauka ya wanke gari. Malamar ajin su Auta ta bi yanayin, ta riƙa raba wa yara takardu masu ɗigo-ɗigo su bi da fensir, don hannu ya saba kafin a kai ga baƙaƙe. Ga ruwa yana saukowa daga gajimare, a bi shi daga sama zuwa ƙasa. Ga dodon koɗi, a bi murɗin bayansa. Ga malam-buɗe-littafi yana tashi yana sauka. Ga kuma ƙudan zuma a wannan gefe, fure a wancan, a kai shi har wurin furen ba a ɗaga hannu ba.

Auta, 'yar Mai Layi mai shekara huɗu, ta ƙi. Takan ɗauki fensirin, ta ɗiga shi sau ɗaya a takarda, ta mayar da shi baki. Rannan Malama ta tare Maman Auta a bakin ƙofa ta gaya mata cikin lallami cewa ranar da za a gayyaci iyaye a ƙarshen zango, in Auta ba ta iya bin layi ɗaya daga farko har ƙarshe ba, za a ƙara mata zango a ajin 'yan ƙanana. Sauran za su wuce gaba, har da 'yar Tela, ƙawarta da ko ruwa ba ta sha sai da ita. Auta tana tsaye tana jin komai, ta yi kuka tun daga ƙofar makaranta har ƙofar gida.

Mai Layi ya dawo aiki ya tarar da kukan. Da aka gaya masa dalili sai ya ajiye hula ya yi dariya.

"Layi ne ake wa kuka a gidan nan? Da layi muke ci, da layi muke sha. Kawo takardar ki ga aiki."

Ya zauna ya ɗauki fensirin, wanda ya ɓace a cikin yatsunsa. Ya danna, bakin fensirin ya karye. Aka fiƙe. Ya sake kama hanya, ƙudan zuman ya tashi lafiya, amma kafin rabin tafiya ya saki ɗigon ya nufi gajimare. Ya jawo shi da ƙarfi, takardar ta yage dab da furen. Mai Layi ya busa wurin, ya shafa da babban yatsa, ya ce a saka a jakar yarinya haka nan, Malama in ta san aiki za ta gane hannun gwani.

Washegari Maman Auta ta kawo amsar, kuma ba ta jira ta shiga gida ba, a bakin ƙofa ta faɗa, inda keken ɗinkin Tela ke aiki. Wai Malama ta ce a da hannun Auta ya fi haka nutsuwa, har ta tambaya ko yarinyar ba ta jin daɗin jikinta ne. Keken ɗinkin ya tsaya cak.

"Oga," in ji Tela, "ashe da kai aka kai, kai ma maimaita ajin za ka yi. Ba laifi, ku zauna benci ɗaya, ko ba komai Auta ta samu abokin hira."

Mai Layi ya ce takardar ce ta yi ƙanƙanta, wanda ya saba da titi ba a auna shi da abin da bai wuce tafin hannu ba. Tela ya ce haka ne, shi ma in wando ya fito a karkace yadin yake zargi.

Daga ranar Mai Layi ya karɓi ragamar koyarwa. Yakan tsaya a kan Auta da hannu a ƙugu, da zarar fensirinta ya kauce ko da gashi ɗaya sai ya ce ta sauka daga titi, an yi hatsari, ya kama kukan jiniyar motar asibiti da bakinsa, wiii-wiii, har karen maƙwabta ya taya shi. Ba a jima ba fensirin ya ɓace, aka same shi a cikin randar ruwa. Aka sayo wani, aka same shi a cikin takalmin Mai Layi, kuma ƙafarsa ce ta same shi. Maman Auta ta ce ba a koya wa yaro abu da jiniya. Ya ce mata ta bar wa masu layi layinsu.

Nan ne babban tunani ya faɗo masa. Ya saka kayansa masu kyau ya tafi makarantar, ya samu Shugaba a ofis, Malama na gefe. Ya yi musu bayani kamar wanda aka aiko daga sama: takarda ɓata lokaci ce, ƙafa ce ke fara sanin hanya, hannu ya biyo baya. A ba shi filin siminti na tsakar makaranta, zai zana dodon koɗi, malam-buɗe-littafi, ƙudan zuma da furensa, manya-manya, ranar taro yara su taka su bi. Ba Auta kaɗai ba, duk ajin zai gyara wa hannu, kyauta.

Malama ta ce tunanin ba shi da laifi, su ma sukan yi hakan wani lokaci da alli. Mai Layi ya yi murmushin tausayi ya ce alli na masu shakkar aikinsu ne, mutumin da ya san abin da yake yi ba ya zana abin da ruwa zai wanke. Shugaba ta sauke gilashinta ta ce alli, ko a bari. Ya ce to. Bakinsa ne ya ce to ɗin, amma tun kafin ya fita ƙofa zuciyarsa ta riga ta sayi wata shawarar.

Ana gobe taro, babu karatu, aka ba shi makulli. Ya iso da rabin gwangwanin rawayan fentin titi da ya roƙo wurin direban inji. Fentin ya yi kauri, kuma ba zai isa ba, don haka kafin ya baro gida ya leƙa kicin ya juye masa man girkin Maman Auta, ya dama da sanda har ya yi laushi. Tela ya rufe shagonsa ya biyo shi da kujera, ya ce irin wannan kallo ba kullum ake samunsa ba.

Sai Mai Layi ya fito da ƙirƙirarsa. Ya ce wawa ne ke duƙawa yana ɗiga ɗigo ɗaya-ɗaya da buroshi. Ya ɗauki ƙusa ya huda gindin gwangwanin, ya ɗaga shi, fenti ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, ɗis. Kana tafiya ɗigo na sauka, in ka gama ka toshe da tsumma. A gaskiya, ɗigon ya fito daidai wa daida, har Tela ya gyaɗa kai, wannan kuwa ya ƙara kumbura wa Mai Layi kai.

Ya fara da dodon koɗi. Ya ja babban zobe daga waje, ya yi ta zagayawa yana matsowa ciki, zobe cikin zobe, yana waƙa. Ɗigo ya yi masa kaɗan, ya ɗauki buroshi ya ƙara wa kowane zobe kauri don a hango daga nesa. Da ya kai tsakiya ya miƙe ya duba aikinsa, sai ya ga ɗanyen fenti ya kewaye shi gaba da baya, dama da hagu, shi kuma yana tsaye a wurin da bai fi faranti ba.

"Oga, ta ina za ka fito?"

"Na tsara."

"Na ga alama. Shi ma dodon koɗin a ciki yake kwana."

Ya tsaya yana jiran fenti ya bushe, rana ta hau, fenti ya ƙi. Daga ƙarshe ya tattara ƙarfinsa ya yi tsalle, ya sauka da ƙafa ɗaya a zobe na biyu, ɗayar a na waje, ya bar sawu rawaya-rawaya har bakin famfo. Ya ce sawun agwagwa ne, yana cikin tsarin bazara. Malam-buɗe-littafin da ya zana bayan nan, Tela ya ce ya taɓa ganin irinsa, ranar da sabon yaron shagonsa ya yanka wando. Furen da ke can ƙarshen fili ya fito kamar fankar da ta faɗo daga silin. Ƙudan zuman kuwa, wanda ya ajiye dab da babbar ƙofa don shi za a fara gani, dankali ne mai fuka-fuki. Mai Layi ya ja da baya ya rungume hannu ya ce gobe mutane za su san an yi aiki.

Ya toshe gwangwanin da tsumma, ya rataye shi a bayan keke, ya sallami Tela da cewa zai biya wani wuri. Yana fita, tayar baya ta daki tudun bakin ƙofa, tsumman ya faɗi. Da ya waiwaya sau ɗaya da labarin nan ya ƙare a nan, amma mai jin kansa ba ya waiwaye.

Ya bi layinsu miƙe, ya yi ta kauce wa ramuka, hagu, dama, hagu. Ya fito filin da ke bakin babban titi, inda ake hango shagon kek a tsallake. Nan ya tuna da likita, ya juya kan keke zai koma gida. Ƙamshi ya bugo, ya sake juyowa. Ya tuna da Maman Auta, ya sake zagayawa. Haka ya yi ta kewaya filin yana kokawa da zuciyarsa, har zuciyar ta ce mutumin da ya wuni yana gyara ilimin yara ya cancanci ɗan abu. Ya tsallaka, ya jingine keke a inda ya saba, ya shiga. Da ya isa gida gwangwani ya zama fanko, ya nuna wa Maman Auta ya ce ta ga yadda aiki ya cinye fenti tas. Ta ce ita man girkinta take nema. Ya ce zafin bazara haka yake shanye mai.

Ranar taro iyaye suka cika makaranta, kowa da adonsa. Shugaba ta tsaya a bakin filin tana kallon abin da aka yi wa simintinta, kuma irin wannan kallon ya kamata ya tsorata mai hankali. Mai Layi ya ɗauka mamaki ne. Ya hau kan dakali ya yi jawabi a kan ƙafa da hannu, da yadda shekarun da ya yi a titi suka buɗe masa ido, sannan ya roƙi Shugaba ta buɗe taro da taka dodon koɗi.

Ta ce, "Na ce maka alli."

Ya ce, "Hajiya, wannan ya bushe kamar dutse. Taka ki gani."

Ta taka don ta nuna masa. Ƙafarta ta fito, takalmin ya zauna. Kafin a ankara yara sun ga babba ta shiga, suka ruga gaba ɗaya. Fentin da aka dama da man girki bai san bushewa ba. Wannan ya zame, wancan ya zauna a kan fiffiken malam-buɗe-littafi, wata ta dafa da hannu biyu ta goge a rigar mamanta. Iyaye suka shiga ceto, su ma suka maƙale. Wani uba mai farin wando ya ɗaga ɗansa sama kamar ana ambaliya, ɗan ya buga masa tambarin takalmi biyu a ƙirji.

Sai wata mata ta yi ƙara ta nuna ƙasa. Kiyashi ne, sun ji mai tun jiya, sun yi layi suna bin ɗigon murɗin dodon koɗi, ba mai kaucewa, ba mai ɗaga ƙafa. Tela ya duƙa ya dube su da kyau ya ce alhamdulillahi, aikin bai tafi a banza ba, waɗannan dai sun wuce ajin gaba. Maman Auta kuwa ba ta yi dariya ba. Ta lakato fentin da yatsa ta kai hanci, ta ɗago ta dubi mijinta, ta ce ashe nan zafin bazara ya kawo mata mai.

Mai Layi ya sha jinin jikinsa. Ya ce kowa ya kwantar da hankali, zai je ya kawo man goge fenti yanzu-yanzu. Ya hau keke ya taka kamar ana bin sa. Shagon fenti yana hannun dama, keken ya yi hagu.

A shagon kek ya zauna kusa da taga, ya ce a yanko masa babba. Ya kai loma ɗaya, amma yau abin bai yi masa daɗi ba. Lokacin da yake fita daga makarantar ya hango Auta a jikin bango ita kaɗai, riƙe da allin da Malama ta raba don ta janye yara daga fenti, ta sunkuyar da kai. Yau ce ranarta, kuma shi ya ɓata mata ita da hannunsa, hannun da yake miƙa wa mutane su duba. Ya yi abin da ya saba yi da baƙin ciki, ya ce a ƙaro wani yankan.

Yana cikin na biyun ya ɗaga kai ya dubi taga, sai ya ga abin da ya sa lomar ta tsaya masa. A can tsallaken titi, a filin nan, wata 'yar yarinya ce a duƙe tana jan alli a ƙasa, tana zagayawa, tana sake zagayawa. A bayanta yara ne rawaya-rawaya sun yi layi. A bayan yaran iyaye, ga Malama, ga Tela, ga Maman Auta, ga Shugaba tana ɗingishi da takalmi ɗaya.

Daga baya Tela ya ba shi labarin yadda aka yi, har da ƙari. Auta ce ta tsaya a kan dankalin mai fuka-fuki ta tambayi Malama ina furensa. Aka nuna mata fankar, ta ce wancan ba fure ba ne. Sai idonta ya faɗa kan wasu ɗigo ƙanana masu kyau, waɗanda rana da ƙurar hanya suka busar, sun tashi daga gindin ƙudan zuman sun fita ta ƙofa. Ta duƙa ta ɗora alli a na farko, ta ja zuwa na biyu. Ta ɗago tana jiran jiniya, ba ta ji ba, don mai jiniyar ya gudu. Sai ta ci gaba. Maman Auta ta yunƙura za ta riƙe ta, Malama ta kama hannunta ta raɗa mata cewa tun farkon zango yau ce rana ta farko da yarinyar ta ja layi da son ranta, a bar ta, a bi ta. Aka bi ta, miƙe, sannan hagu da dama, har filin.

Mai Layi bai san wannan ba tukuna. Abin da ya gani shi ne ɗigon rawaya da suka taho daga filin, suka tsallako titi, suka ƙare a wani ɗan tafkin fenti da ke ƙarƙashin kekensa. A nan ya gane komai. Mai kek, wanda ya san halin kwastomansa, ya nuna masa ƙofar baya da haɓa. Ƙofar a buɗe take, lungu ne a bayanta, ba kowa.

Ya tashi ya nufe ta. Ya sake duban taga sau ɗaya. Auta ta gama zagayen ta iso bakin kwalta, motoci na wucewa fuu, fuu, allin yana nan a ƙasa ba ta ɗaga ba. Maman Auta ta duƙa ta saka hannu a hammatarta za ta ɗauke ta, kuma daidai ta yi, uwar kirki ba ta barin ɗa ya shiga titi. Amma in aka ɗauke ta layin ya yanke, saura ɗan kaɗan ya kai ƙarshe.

Mai Layi ya fita ta ƙofar gaba.

"Kar ki ɗaga ta."

Ya shiga tsakiyar titi ya buɗe ƙafa, ya ɗaga hannun dama sama. Babu tuta, sai yankan kek da ya manta yana riƙe da shi. Amma tsayuwar tasa ce ta kullum, wadda direbobi suka sani, motar farko ta taka birki, ta bayanta ma ta taka. Ya juya ya tare ɗaya ɓangaren da tafin hannun hagu, wata babbar mota ta yi huci ta tsaya. Wani ɗan babur ya so ya kutsa, Mai Layi ya nuna shi da kek ɗin, ya koma baya. Titi ya yi tsit. Auta ta ratsa a duƙe, harshe a waje, tana haɗa ɗigo da ɗigo, ta wuce ta gaban takalmin ubanta ba ta ko ɗago ba. Duk unguwa ta biyo ta, kowa ya wuce ta gabansa ya ga farin kirim ɗin da ke gashin bakinsa.

Da ta kai tafkin fentin sai ta ture keken kaɗan, ta zana wa tafkin kunnuwa zagaye da alli, manya da ƙanana, wasu a karkace. Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa.

"Baba, ƙudan zuman ya iso furensa."

Malama ta waiwaya ta dubi farin layin da ya taho tun daga makaranta, idonta ya ciko. Ta ce a gaban kowa Auta ta wuce ajin gaba, don ga miƙaƙƙe, ga mai lanƙwasa, ga zagaye, wanda ya fi kowanne wuya, kuma ko sau ɗaya hannu bai tashi ba. 'Yar Tela ta rungume Auta, ta shafa mata rabin fentin jikinta. Mai Layi ya ji wani daɗi da bai taɓa ji ba, har ƙwalla ta zo masa. Da ya yi shiru a nan da ya tsira da ɗan mutunci, amma hali zanen dutse. Ya gyara murya ya ce da ma tsarin ke nan tun farko, musamman zagayen can na filin, sai da ya yi dogon nazari kafin ya zana su.

Maman Auta ta dubi filin, ta dubi shagon, ta dubi hannunsa. Ta ce ta ga nazarin. Ta nuna zagayen filin da yatsa ta ce nan ne ya tuna da likita, can ya manta, can kuma ya sake tunawa. Ya buɗe baki zai rantse cewa yau ne farau, wucewa ya zo yi, sai ga mai kek ya leƙo da takarda a hannu.

"Oga, in naɗe maka ragowar kamar kullum?"

Dariyar da aka yi, har direban babbar motar sai da ya taya, shi da bai san kan zancen ba. Maman Auta ta zare kek ɗin daga hannun mijinta ta raba wa Auta da ƙawarta. Shugaba ta jira aka lafa, ta gaya masa cewa akwai buroshin ƙarfe da bokiti a makaranta suna jiransa, kuma in ya kai kan dodon koɗi ya taho mata da takalminta.

Da yamma ruwa ya sauko ya wanke allin Auta tas. Ɗigon Mai Layi kuwa suna nan, kamar yadda ya yi alkawari, aikin da ruwa ba ya wankewa. Yanzu ko baƙo ne ya tambayi inda Mai Layi yake in ba a gan shi ba, nuna masa ƙasa ake yi.

Washegari ya durƙusa a filin makaranta yana kankare, gwiwa na ciwo, Tela na zaune a kujerarsa yana ba da shawarar da ba a nema ba. Auta ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu tana duba aiki. Ya gaji, buroshin ya zame ya kauce daga zoben da yake gogewa.

"Baba, ka sauka daga titi," in ji ta.

Ta cika ƙirjinta da iska, ta fara: wiii-wiii.